Ba mota ce ke kashe ayarin Timiya ba

Ranar Alhamis da ta wuce na tsaya sayen lemo a kasuwar Dole, nan Damagaram. Mai lemon sai kira yake, "Na Timiya ne, a ɗanɗana kafin a biya." A gefensa wasu samari biyu sun haɗa kai a kan waya suna kallon bidiyon ayarin raƙuma yana ratsa yashi, dogo kamar ba shi da ƙarshe. Ɗaya ya ja tsaki ya ce, "Har yau mutane na shan wannan wahala? Kayan da babbar mota za ta kwashe cikin kwana uku." Ɗayan, wanda da gani ya fi shi zurfi a boko, ya ce a'a, kamata ya yi gwamnati ta raya abin saboda 'yan yawon buɗe ido, tunda Turawa na son kallon irin wannan.

Na karɓi lemona na wuce ban ce uffan ba, amma zancen ya raka ni har gida. Kuma na mai bokon ya fi tsaya mini a rai. Abokinsa ko ba komai ya ɗauki mutanen a matsayin masu neman abinci da suka bi doguwar hanya. Shi kuwa ya mai da su 'yan wasan kwaikwayo.

Bari in faɗi inda na tsaya tun yanzu. Abin da mutanen Timiya ke yi a ƙarshen kaka, wato ayarin raƙuma na fataucin gishiri, sana'a ce mai lissafi, kuma har gobe lissafin na fita. In kuwa tana ja da baya, an bar jaki ana dukan taiki ne da ake ɗora wa mota laifi. Babban rabon laifin namu ne, mu mutanen kudu, da muka toshe wa raƙumi wurin kwana.

Garin da rabin mazansa ke kan hanya

Timiya na cikin duwatsun Abzin, tafiyar kilomita ɗari biyu da 'yan kai arewa maso gabas da Agadas. Sau ɗaya na taɓa zuwa, cikin watan Nuwamba. Muka bi ta Dabaga da Elmeki, muka wuni mota na tsalle a kan duwatsu, har na fara tunanin ko direban ya ɓata. Can sai ga kwari ya buɗe tsakanin baƙaƙen tsaunuka, kore shar, dabino a sama, lemo da rumman a ƙasa.

Lokacin nan ne garin ya fi kowane lokaci motsi, ko da yake motsin ba na hayaniya ba ne. Ruwan sama ya ɗauke tun Satumba. Sanyi ya fara saukowa daga tsauni, da dare sai an hura wuta. A lambuna ana gyaran fangali ana zuba alkama, wadda ba ta yi sai da ɗari. Lemo ya fara ja. A wasu rijiyoyin inji ke kuka, a wasu kuma har yanzu raƙumi ne ke jan wasaki, ya je ya dawo, yaro na biye da shi.

Mata da 'yan mata da yawa ba sa cikin gari. Suna can kwaruruka da awaki, suna tatsa suna yin cuku. Maza masu ƙarfi kuma tun Oktoba suka ɗaure kaya suka nufi gabas, Fashi da Bilma, sai tsofaffi da masu lambu da yara aka bari. Kowa ka gaisa da shi, bayan lafiya da gajiya, tambaya ɗaya ce: an ji labarin ayari?

Tafiyar takan ci wata guda da 'yan kwanaki, zuwa da dawowa. Hamadar Tenere da ake ratsawa ba ta da ciyawa, saboda haka kafin a tashi sai an yi makonni ana yankar ciyawa a gindin duwatsu ana ɗaurewa dami-dami. Raƙumi shi ke ɗaukar abincinsa, ana kuma ajiye wani a hanya domin dawowa. Ana tafiya tun hantsi har tsakar dare ba zango, shayi ma a tafe ake dafa shi. Abincin rana gero ne da aka daka da dabino da cuku a dama da ruwa, ɗan'uwan furarmu. Mai jan gaba kuwa, ko da Tamashek, harshen Abzinawa, ake magana, sunansa madugu. Wannan kalma kaɗai ta isa ta nuna tsawon zaman da muka yi da su.

A Bilma sai su ba da gero da cuku da busasshen tumatir da kuɗi, su karɓi gishiri da dabinon da Barebarin yankin, wato Kawar, ba su daɗe da saukewa ba. Gishirin iri-iri ne. Akwai beza na miya, akwai kantu, wannan dogon curi da ake zubawa a kututturen dabino ya daskare, na dabbobi. Ranar da ayari ya dawo Timiya guɗa ce ke fara sanar da kai. Amma hutun gajere ne. Raƙuma na farfaɗowa, kafin sanyi ya kankama, sai a sake ɗaure kaya a yi kudu: Damargu, Tasawa, Damagaram, Maraɗi, wasu har Katsina da Kano. Ba za su ga gida ba sai an kusa damina.

Wannan hanya ta daɗe. Da ayarin gishirin Kel Ewey, wato mutanen wannan yanki, Bajamushen nan matafiyi Barth ya sauko daga Abzin a ƙarshen 1850, ya shiga Kano a Fabrairun 1851. Turkuɗin da Ba'abzine ke naɗawa ranar salla yana ƙyalli, marinan Kura ne suka san sirrinsa.

"Ai mota ta fi sauri"

Ta fi, babu musu. Yau gishirin Bilma da yawa a mota yake fitowa, kuma ayarin ya ragu ƙwarai a kan na zamanin kakanninmu. Motar ce ma ta kaɓe shahararriyar bishiyar Tenere a 1973, wadda gawarta ke gidan tarihi na Yamai yanzu. Wanda ya ce mota ba ta taɓa ayari ba bai faɗi gaskiya ba.

Sai dai akwai abin da mai tsakin nan bai sani ba. Raƙuman Timiya dole ne su sauko kudu da rani, da gishiri ko babu gishiri. Ruwan da Abzin ke samu a shekara bai kai rabin namu ba, ciyawar da ke fitowa ba za ta riƙe awaki da raƙuma gaba ɗaya har wata damina ba. In raƙuma suka zauna, za su cinye abin da awakin mata ke rayuwa a kai, kuma nonon awakin nan shi ke riƙe gida. Tafiyar kudu kiwo ce tun asali. Gishiri kaya ne da aka ɗora wa dabbar da ma can za ta yi tafiyar.

Yanzu a lissafa. Mai mota zai sayi mai, ya sayi taya, ya biya direba da yaran mota, in inji ya tsaya tsakiyar Tenere ya jira makaniki daga Agadas. Dole ya sauke kayansa a babban gari ya karɓi kuɗi da wuri don ya koma. Mai raƙumi ba ya gaggawa. Kasuwar ƙauye yake bi, inda babbar mota ba ta shiga, ya sayar da kantu biyu nan, uku can. Yana isowa daidai lokacin da gero ke da araha, rumbuna cike, wani wurin ma musaya ake yi tiya da tiya ba tare da ko dala ta shiga tsakani ba. Geron nan shi zai kai gida, da shi kuma zai koma Bilma baɗi.

Gudun mota amfaninsa ga mai lemo ne, wanda kayansa ke ruɓewa. Kantu ba ya ruɓa. Gero ba ya ruɓa.

Sana'o'in zamani da suka zo suka wuce

Ga masu cewa a bar raƙumi a kama abin zamani, ina da tambaya: wanne daga ciki?

Yawon buɗe ido ya yi tashe a Abzin, matasa suka zama direbobi da 'yan rakiya da masu dafa abinci. Tawayen 2007 ya zo, aka bi shi da sace ma'aikatan kamfanin yuraniyom na Areva a Arlit a Satumban 2010, baƙi suka ɗauke ƙafa. Wannan ita ce amsata ga mai bokon kasuwar Dole. Sana'ar da sanarwa ɗaya daga ofishin jakadanci ke iya rufewa ba abin jingina gari ba ce.

Yuraniyom fa? Kamfanin Cominak ya rufe ma'adininsa na Akokan a Maris ɗin 2021. Jigilar baƙin haure zuwa Libiya ta ciyar da gidaje da yawa a Agadas, dokar 2015 ta mai da ita laifi aka kama motoci, a Nuwamban 2023 aka soke dokar. Zinariyar Jado ta ɓulla a 2014, samari suka sayar da dabbobi suka yi can. Wasu sun dawo da motoci, na gani da idona. Waɗanda suka dawo da bashi da tari ba a ɗaukar su hoto.

Ban ce kada matashi ya gwada sa'arsa ba. Amma duk lokacin da ɗaya daga cikin waɗannan ta rushe, ina yaron ke komawa? Gida, wurin lambun babansa da awakin uwarsa da raƙuman kawunsa. Murhun Timiya duwatsu uku ne, lambu da awaki da ayari. Gida guda yakan raba 'ya'yansa: wannan rijiya, wannan hanya, 'yan mata daji. In ambaliya ta share lambu, ayari ya kawo gero. In fari ya kashe raƙuma, kamar yadda ya yi a 1973 da 1984, lambu ya riƙe mutane har a sake tara garke. Ka cire dutse ɗaya ka ga yadda tukunya za ta zauna.

Wani zai ce to a faɗaɗa lambun mana, ga albasar Abzin na fita har Abijan da Akara a lokacin da ta Galmi ta yi ƙaranci. Gaskiya ne, garin Tabalot na Abzin ya ga kuɗin albasa. Amma kowane sabon inji daga ruwa ɗaya yake sha, wanda ƙorama ke ajiyewa ƙarƙashin yashi a 'yan kwanakin da take gudu. Masu lambu da kansu ke cewa kullum sai an ƙara wa rijiya zurfi. Kwari kuma ba ya faɗi, dutse ne dama da hagu.

Inda nake sunkuyar da kai

Akwai ƙorafi biyu da ba zan iya turewa ba.

Na farko karatu. Yaron da ya bi ayari ya yi asarar shekarar makaranta, domin ana buɗe aji ne a Oktoba, watan da ake ɗaure kaya. Yarinyar da ke bayan awaki ma haka. Wannan rashi ne na gaske, kuma duk mai son ayari da ya ƙi faɗar haka yana son hoto ne, ba mutane ba. Na dai lura iyalai da yawa sun riga mu nemo mafita, suna sa wasu 'ya'yan a makaranta wasu a hanya, kamar yadda suka saba raba ƙafa a komai.

Na biyu mata. Wata bakwai ko takwas miji ba ya nan. Haihuwa, jinya, rasuwa, duk a kanta. Gaskiya ne cewa a al'adarsu ɗaki nata ne, awaki nata ne, kuma ba ta jiran izinin kowa kafin ta sayar da cukunta. Amma mace mai naƙuda a wani kwari da ba mota, 'yancin mallakar akuya ba zai kai ta asibiti ba. Maganin wannan hanya ce mai kyau da ɗakin haihuwa da ungozoma, kuma ko an daina ayari gobe buƙatar na nan.

Tarihin ma ba fari tas ba ne. An yi hari, an yi cinikin bayi a kan waɗannan hanyoyi, da hannunsu da namu. Na ambata ne don kada a ce na shafa wa abin zuma.

Laifinmu

Ina yaro, a ƙauyenmu da ke arewa da Tasawa, akwai wani dattijo Ba'abzine da ke sauka gonar mahaifina duk shekara bayan an kai amfani gida. Baba na kiransa "abokina", mu kuma muna ce masa Baba Madugu. Raƙumansa su ci kara da ganyen gawo, su kwana a gonar wata biyu, su bar taki. Zai ajiye wa Inna beza da dabino, ya ba Baba kantu biyu na shanu. Mu kuma a auna masa gero, a kai masa tuwo da dare. Kayansa a zaurenmu suke zama in ya tafi cin kasuwa. Ba takarda, ba shaida. Kuma kowa ya san gonar da raƙuma suka kwana, da damina ba ta ɓuya.

Yau je ka ƙauyen a Disamba. Gonaki a share kamar an yi musu aski. Kara an kwashe, harawa an ɗaure an ɗora a kan bishiya ko rufin ɗaki, komai na sayarwa ne ga masu turka rago da sa. Ban zargi manomi ba, ƙanena ma haka yake yi, kuma kuɗin na biya masa buƙata. Mutane sun yi yawa. Ƙidayar 1977 ta samu 'yan Nijar miliyan biyar da kaɗan, ta 2012 ta samu fiye da miliyan 17. Saurar da ake bari ta huta babu ita. Burtali an cinye shi taƙi-taƙi, wannan ya ƙara kunya biyu, wancan uku, har ya zama ko jaki da mangala sai ya karkace. Fadamar da ake shayarwa an zagaye ta da lambu.

To raƙumi ya sauka ina? Duk inda ya sa ƙafa gonar wani ce. Rogo ko wake na rani ya ɗan taɓa, sai tara, kuma baƙo ba ya cin shari'a a garin da ba shi da kowa. Da can yana da kowa, mai masaukinsa ne ke tsaya masa gaban mai gari. Wannan igiyar ce ta tsinke, mu muka sake ta.

Doka kuwa akwai ta. Kundin dokokin karkara na 1993 da dokar makiyaya ta 2010 sun amince cewa yawon kiwo haƙƙi ne, sun hana cin burtali, kuma a kowace shekara hukuma na sa ranar sakin gonaki. Amma me za a saka, in an riga an kwashe komai kafin ranar? Sakin gonar da babu ko kara ɗaya kamar gayyatar baƙo ne bayan an wanke tukunya.

Sai shingaye. Wani mai raƙuma da muka yi hira da shi a kasuwar dabbobi ya lissafa mini wuraren da aka tsayar da shi tsakanin Tanut da nan, kowane wuri da abin da ya ajiye, ba rasit. Ya ce Tenere ta fi masa sauƙi, don can ƙishirwa ce kaɗai ke tare hanya. Ga iyaka kuma. Najeriya ta rufe tata daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Yulin 2023 har cikin 2024. Ga 'yan bindiga a dazukan Katsina da Zamfara da kudancin Maraɗi, waɗanda raƙumi a wurinsu kuɗi ne mai tafiya da ƙafarsa. Mutumin da ya ratsa hamada lafiya sai ya zo ƙasar Hausa ya rasa dukiyarsa. Wannan abin kunya namu ne, ba na mai mota ba.

Abin da nake nema ba shi da tsada

Ba na neman a ba kowa tallafi, ba na kuma neman wani sabon biki. Muna da bikin Ingal, muna da na Iferwan, an yi rawa an yi tseren raƙuma, manya sun yi jawabi, madalla. Washegari mai raƙumi na nan da matsalarsa.

Kowace ƙaramar hukuma da ke kan hanyar ayari ta ware fili kusa da rijiya, a kafa masa duwatsun iyaka, a rubuta cewa zango ne, ba mai noma shi. Sarakuna da masu gari sun san tsoffin zangunan, wasu unguwanninmu ma har yau sunan da suke amsawa ke nan, unguwar Zango ta nan Damagaram shaida ce. Burtalin da aka ci a dawo da shi, ko da na ɗan'uwan mai gari ne. Ranar sakin gonaki a faɗe ta a rediyo da Tamashek da Fulatanci, ba da Hausa da Faransanci kaɗai ba. Takardar dabbobi in an yanka sau ɗaya ta isa har inda za a je.

Hanyar Timiya kuma a gyara ta, don lemo ya iso Agadas bai fashe ba, mai naƙuda ta iso asibiti da rai. Ban ga saɓani tsakanin son kwalta da son raƙumi ba. Mutanen garin ma ba su gani ba: madugun yau da waya a aljihu yake tafiya, yana tambayar farashin gero a Tanut kafin ya yanke ta inda zai bi.

Sauran kuma tsakaninmu ne, manoma. A lissafa kuɗin da kara ke kawowa, a lissafa na buhun takin zamani da ake saya da damina a madadin abin da dabba ke bari kyauta, a kuma dubi yadda iskar hunturu ke kwashe ƙasar gonar da aka bari tsirara. Ban tabbata ribar na inda muke zato ba.

Da na isa gida ranar nan na kira ƙanena a ƙauye. Na ce bana gonar yamma kada a taɓa karanta, a bar shi a tsaye, in masu raƙuma sun biyo a ce su sauka. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Yaya, ka san nawa ake sayen amalanken kara yanzu kuwa?" Na ce ya faɗa, zan biya shi rabi. Ya ce zai yi shawara da Inna. Ita kuma, in ji shi, abin da ta fara tambaya shi ne ko jikokin Baba Madugu sun san hanyar garin.